Ina Za a Ajiye Rufin Mota Idan an Sauke Shi: Silin, Amalanke, Injin Ɗagawa ko Ƙasa?

Mai Jeep Wrangler ko Ford Bronco a Amurka da Kanada yakan sauke rufi mai tauri a wajen watan Afrilu ko Mayu, bayan dusar ƙanƙara ta narke, ya mayar da na tamfol ko ya bar motar a buɗe, kuma ba ya sake neman rufin sai wajen Oktoba ko Nuwamba, lokacin da sanyi ya fara shiga jiki. Haka ma masu ƙananan motocin nan na shan iska irin su Mazda MX-5 da tsofaffin Mercedes SL suke yi a Ingila da Jamus. A cikin waɗannan watanni biyar ko shida, rufin yana buƙatar wurin zama a gida, kuma abu ne mai faɗi, mai wuyar riƙewa, wanda sabonsa na Wrangler mai ƙofa huɗu yakan ci daga dala 2,000 zuwa sama. Wanda yake ta kai-komo tsakanin ya rataye shi a silin, ya ɗora shi a amalanke, ya sayi injin ɗagawa, ko ya jingine shi a kusurwar gareji, ya kamata ya fara sanin abin da zai auna kowace hanya da shi kafin ya duba farashi.

Abubuwan da za a auna

Abu na farko, kuma wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne yadda rufin zai bar kan motar ya isa wurin ajiyarsa. Yawancin ɓarnar da ake yi wa rufi ba a cikin watannin ajiya take faruwa ba, a cikin mintuna biyar na saukewa da mintuna biyar na mayarwa take faruwa. Tun daga ƙirar JK, wadda ta fito a 2007, rufin Wrangler ya kasu kashi uku: faifai biyu na gaba da ke saman direba da na gefensa, waɗanda kowannensu bai kai kilo 10 ba, da kuma babban ƙoƙon baya mai ɗauke da gilasai. Wannan ƙoƙon, a mota mai ƙofa huɗu, masu motar sukan ƙiyasta shi a wajen kilo 60 zuwa 65. Ba nauyin ne kaɗai matsalar ba. Faɗinsa ya haura mita ɗaya da rabi, tsawonsa ya doshi mita biyu, ba shi da mariƙi, kuma nauyinsa ya rinjayi baya saboda gilashin baya da injin waifa, ga shi dole a ɗaga shi daga tsayin ƙirji. Rufin MX-5 na ƙirar farko da ta biyu kimanin kilo 20 ne, na Mercedes SL ƙirar R129 da aka yi daga 1989 zuwa 2001 kuwa ya haura kilo 30 duk da cewa na alminiyum ne, amma ko waɗannan ma mutum biyu suke so, domin hannun mutum ɗaya ba ya kaiwa gefe da gefe. Saboda haka tambayar farko ita ce: idan ranar saukewa ta zo, kana da wanda zai kama maka, ko kai kaɗai ne?

Abu na biyu shi ne lafiyar rufin a tsawon ajiya. Abubuwa huɗu ne suke lalacewa. Robar da ke bin bakin rufin, idan nauyi ya danne ta wata da watanni, takan lotse ta ƙi dawowa, kuma daga nan ne yoyon ruwa da kukan iska suke farawa. Gilashin baya irin wanda ake gasawa ne, ba ya tsagewa a hankali, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya idan gefensa ya bugi kankare. Gefunan ƙasa na ƙoƙon, inda ramukan noti suke, sukan ɓantare idan an ja su a ƙasa. Sai fenti, wanda rana da ƙura da gogar tamfol suke cinyewa.

Na uku shi ne fili: nawa hanyar take ci daga daɓen gareji, kuma nawa take buƙata na tsayi. Na huɗu shi ne kuɗi, na saye da na kafawa. Na biyar shi ne haɗari ga mutane, musamman gidan da yara suke shiga gareji. Na shida kuma, wanda mutane suka fi mantawa da shi har sai sun sayi kaya, shi ne ko kana da ikon huda ginin. Ɗan haya ba shi da wannan ikon sai da yardar mai gida.

Ratayewa a silin

Wannan ita ce hanyar da ta fi yaɗuwa a tsakanin masu Wrangler, kuma dalilin a fili yake: ita kaɗai ce take sauke rufin ta kuma ajiye shi ba tare da ta ci ko taku ɗaya na daɓe ba. Ana shigar da motar da baya, a kwance notukan da suka riƙe rufin, masu kan tauraro, a cire wayar lantarki da tiyon ruwan wanke gilashi da ke kusurwar baya ta hagu, a maƙala ƙugiyoyi ko maɗaurai, a ɗaga rufin kaɗan, sannan a fitar da motar daga ƙarƙashinsa. Amma a ƙarƙashin wannan suna ɗaya akwai hanyoyi huɗu da suka bambanta ƙwarai a wajen aminci.

Mafi araha ita ce a kafa zobba huɗu a silin a yi amfani da bel mai ƙarfen ɗamewa, irin wanda ake ɗaure kaya da shi a bayan akori-kura. Ba za ta ci dala 50 ba. Ɗagawa tana yiwuwa, kusurwa bayan kusurwa, amma saukewa ita ce matsalar, domin irin wannan bel ba ya sassautawa a hankali, sakin nauyin yake yi lokaci guda. Mutum ɗaya ba zai iya sauke rufi da shi cikin aminci ba, don haka arahar ta tashi a banza, tunda abin da ake gudu shi ne neman mataimaki.

Ta biyu ita ce igiya da kura, irin tsarin da ake jan guga da shi a rijiya mai zurfi, sai dai an ninka kurar domin nauyin ya ragu a hannu. Harken, kamfanin kayan jiragen ruwa da ke jihar Wisconsin ta Amurka, ya yi suna da irin wannan, kuma igiyarsa tana kulle kanta idan aka sake ta. Farashin wannan rukuni yakan faɗo tsakanin dala 100 da 250. Babu lantarki, babu abin da zai ƙone, kuma ga rufin MX-5 ko na Wrangler mai ƙofa biyu ta wadatar. Wahalarta tana wajen kafawa, domin sai an daidaita tsawon igiyoyi huɗu kafin rufin ya tashi a miƙe, kuma kowane samfuri yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa. Wanda ke da mota mai ƙofa huɗu kada ya sayi wanda iyakarsa ta yi daidai da nauyin rufinsa, ya sayi na sama da shi.

Ta uku ita ce winci mai hannun murɗawa da ake kafawa a bango, waya ta bi ta silin ta sauko kan firam mai ƙugiyoyi, kamar wanda kamfanin Lange Originals yake sayarwa. Yakan ci dala 200 zuwa 400. A nan akwai bambancin da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne tsakanin aminci da karaya. Wincin da ke da birki, ko wanda haƙoransa suke riƙe nauyi da kansu, yana tsayawa a duk inda aka cire hannu. Wincin jan kwalekwale kan tirela kuwa, wanda wasu suke saye saboda araha su haɗa nasu, yana riƙewa ne kawai a wajen ɗagawa. Idan aka buɗe harshensa domin saukewa, hannun ya kufce wa mutum, zai yi ta juyawa da ƙarfin nauyin rufin, ya bugi duk abin da ya tarar, rufin kuma ya faɗo kan motar. Wanda zai haɗa nasa ya nemi mai birki, ko da ya ninka kuɗin.

Ta huɗu ita ce injin lantarki, daga kimanin dala 300 zuwa 700 idan an haɗa da firam. Ga mai ciwon baya ko mai yawan shekaru babu kamarsa, maɓalli kawai ake dannawa. Sai dai ƙananan injinan nan na kasuwa an yi su ne domin ɗaga kilo 200 ko fiye, suna da sauri, kuma ba sa jin bambanci tsakanin nauyin rufi da nauyin rufin da aka manta ba a kwance masa noti ɗaya ba. Hannun mutum a kan igiya yana jin turjiya ya tsaya, inji kuwa zai ci gaba da ja har jikin rufin ya tsage. Haka kuma zai iya matse rufin a jikin silin idan maɓallin da ke tsayar da shi a sama bai zauna daidai ba. Ninka wayar ta kan kura yana rage saurin da rabi, kuma ina ganin bai kamata a yi amfani da shi ba tare da haka ba.

Duk huɗun sun dogara ne a kan abu ɗaya, wato abin da ke bayan silin. A gidajen Amurka allon silin ba ya ɗaukar komai, katakan da ke bayansa ne suke ɗauka, kuma yawanci tazarar inci 16 ko 24 ce tsakaninsu, wato wajen santimita 40 ko 60. Dole manyan ƙusoshi masu zare su shiga tsakiyar katakon, ba gefensa ba. Gara kuma a gicciya katako mai kauri a kan uku ko huɗu daga cikinsu, a kafa zobban a jikinsa, domin nauyin ya rarrabu. Wannan ya fi zama dole a garejin da aka rufe da haɗaɗɗun raftoci na masana'anta, waɗanda katakonsu na ƙasa ba a yi shi domin ɗaukar nauyi a wuri ɗaya ba. Idan akwai shakka, kuɗin kiran kafinta bai kai kuɗin gilashin baya ba.

Sai maganar tsayi, wadda lissafinta yake da sauƙi amma ake tsallake shi. Gareji da yawa silinsu ƙafa takwas ne, wato kimanin mita 2.4. Wrangler da ba a ɗaga ta ba ta doshi mita 1.9. Ƙugiyoyi da firam suna cin wani abu kamar santimita 20 zuwa 30. Abin da ya rage ya isa a ɗaga rufin motar ta fita, amma bai isa mutum ya wuce ta ƙarƙashinsa a miƙe ba, domin gefunan ƙoƙon suna saukowa har wajen kafaɗa. Wanda ya ƙara wa motarsa tsayi da manyan tayoyi yana iya tarar da cewa babu wurin ɗagawar sam. A kuma duba hanyar ƙofar gareji, wadda take kwanciya a ƙarƙashin silin idan an buɗe ta, kada rufin ya rataya a inda za ta bi.

Ta fuskar lafiyar rufin, ratayewa tana da kyau: ba ya taɓa ƙasa, danshi da ɓeraye ba sa kai masa, yara ba sa hawansa. Abin lura shi ne inda ƙugiya ko maɗauri ya bi. Idan ya danne roba wata shida, zai bar mata shaida, don haka a sa soso a tsakani ko a bi da shi ta inda babu roba. Bayan an ɗaga, a ƙara maɗaurai biyu na daban a kan zobbansu, domin kada nauyin ya kwana a kan igiya ɗaya ko waya ɗaya har kaka.

Amalanke mai taya

Amalanken ajiye rufi iri biyu ne. Akwai wanda yake riƙe rufin a tsaye, ƙarshensa na baya a ƙasa a kan soso, goshinsa yana kallon sama, kamar wanda Bestop yake yi wa Wrangler da kuma waɗanda masu Mercedes SL suka daɗe suna amfani da su. Akwai kuma shimfiɗaɗɗe, wanda rufin yake zama a kansa kamar yadda yake zama a kan mota. Farashinsu yakan kama daga dala 150 zuwa 400, kuma mai ɗan sanin aikin katako zai haɗa shimfiɗaɗɗen da katako da tayoyi huɗu a ƙasa da haka.

Falalarsa ita ce ba a huda komai, ana tura shi duk inda ake so, kuma idan an tashi daga gidan ana tafiya da shi. Na tsaye yana cin fili kaɗan, ana manna shi da bango ya bar wa mota wurinta. Abu ne mai ƙarko, domin babu abin lalacewa a jikinsa sai tayoyi, kuma a nan ne ya kamata a kashe kuɗi: manyan tayoyi masu birki, ba ƙananan roba da ke maƙalewa a kowace tsagar daɓe ba.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba ya sauke rufi. Mutum biyu ne za su ɗauko shi daga motar, uku sun fi ga mai ƙofa huɗu, sannan su juya shi ya tsaya, kuma wannan juyawar ita ce lokacin da gilashin baya ya fi shiga haɗari, musamman idan ba a ɗaure shi ba ya buɗe da kansa. Rufin da ke tsaye kuma dogo ne, nauyinsa yana sama, yaro zai iya jawo shi, don haka a ɗaure shi a jikin amalanken a kuma danne birki. Ga rufin MX-5 da na SL, waɗanda ba su da nauyi sosai kuma fentinsu yake da daraja, wannan ita ce hanyar da na fi yarda da ita, tare da mayafi mai laushi.

Injin ɗagawa mai tsayuwa da ƙafarsa

Wannan firam ne na ƙarfe mai tayoyi da hannu mai ɗagawa. Ana tura shi bayan motar, ya kama rufin, ya ɗaga shi, a ja shi baya, rufin kuma ya ci gaba da zama a kansa har lokacin mayarwa. TopLift Pros da RollnJack suna cikin sunayen da aka sani a wannan fanni. Ya haɗa abin da silin yake bayarwa, wato aikin mutum ɗaya, da abin da amalanke yake bayarwa, wato rashin huda gini. Kuɗinsa ne ya fi na kowa, daga wajen dala 600 har ya haura 1,000, kuma yana cin fili daidai girman rufin, ko da yake wasu sukan cusa gaban motar a ƙarƙashinsa. Yana son daɓe mai santsi kuma shimfiɗaɗɗe. A kan tsakuwa ba ya tafiya, a kan gangaren ƙofar gida kuwa kilo 60 a saman dogon firam mai taya abin tsoro ne. Ga ɗan haya da ba shi da mataimaki, kuɗin ba asara ba ne, kuma kaya ne da ake iya sayarwa idan an rabu da motar.

Ƙasa, bango da waje

Ajiye rufi a ƙasa ba laifi ba ne idan akwai fili, muddin ba a kan kankare tsirara ba. A shimfiɗa katakai biyu masu kauri a lulluɓe su da tsohon bargo, gefunan rufin su zauna a kansu. Dalilin kaurin shi ne a Wrangler gilashin baya yana saukowa ƙasa da gefunan ƙoƙon, don haka idan aka dire shi a daɓe kai tsaye, gilashin da robarsa ne za su ɗauki nauyin. Kuɗin wannan kusan babu, amma yana cinye wurin rabin mota, kuma rufin da ke kwance a gareji yakan zama teburin ɗora kwalaye, wanda hakan ke karce shi.

Maƙalar bango ta dace da faifan gaba biyu da ƙananan rufi, kuma tana da araha. Ga babban ƙoƙo ban ga amfaninta ba, domin sai an ɗaga kilo 60 a tsaye an saƙala shi, aikin da ya fi na amalanke wuya.

Waje shi ne zaɓin ƙarshe. Rufin an yi shi ne domin ruwa da rana, amma ta wajensa kawai. Cikinsa, da wayoyinsa, da robobinsa ba a yi su domin haka ba. Idan ya zama dole, a ɗora shi a kan katakai ya rabu da ƙasa, a ɗaure shi da abu mai nauyi domin iska tana shiga ƙarƙashinsa ta kifar da shi, a rufe kan wayar lantarki da leda, kuma a bar iska tana ratsawa ƙarƙashin tamfol domin kada fumfuna ta kama. Akwai kuma sata. Rufin tsofaffin MX-5 ya yi tsada a kasuwar kayan hannu, na ƙirar farko yana hawa ta biyu, kuma ɓarayi sun san haka. Yana da kyau mutum ya tambayi kamfanin inshorarsa ko rufin da aka cire daga mota yana cikin abin da suke biya.

Hayar ɗakin ajiya kuwa lissafinta ba ya fita. Ko ƙaramin ɗaki ne, kuɗin wata shida yakan kai ko ya wuce kuɗin winci, kuma za a sake biya baɗi. Ƙofar ƙananan ɗakunan ma takan yi wa rufin Wrangler ƙunci sai an tsayar da shi. Ta dace ne kawai da mazaunin bene wanda ba shi da gareji ko tsakar gida.

| Hanya | Kimanin kuɗi (dala) | Mutane nawa | Filin daɓe | Huda gini | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Bel da zobba a silin | ƙasa da 50 | biyu | babu | e | sakin nauyi lokaci guda |
| Igiya da kura | 100–250 | ɗaya | babu | e | ƙusa a wurin da ba katako |
| Winci mai birki | 200–400 | ɗaya | babu | e | ƙarancin tsayin silin |
| Injin lantarki | 300–700 | ɗaya | babu | e | sauri da ƙarfi fiye da kima |
| Amalanke | 150–400 | biyu ko uku | kaɗan zuwa matsakaici | a'a | gilashi wajen juyawa |
| Injin tsaye | 600 zuwa sama | ɗaya | mai yawa | a'a | gangare da daɓe mara kyau |
| Katako a ƙasa | kusan babu | biyu ko uku | mai yawa | a'a | karcewa da danne roba |
| Waje da tamfol | kaɗan | biyu ko uku | babu a ciki | a'a | iska, rana, sata |

Idan motar tana Kano ko Yamai

Wrangler tana shigowa ƙasashenmu a cikin motocin da ake saukewa a Legas da Kwatano, kuma masu Hilux da ke cire rumfar faiba ta bayan motarsu lokacin kaka domin ɗaukar amfanin gona suna fuskantar wannan tambayar, da rumfar da nauyinta ya kai na rufin Wrangler ko ya fi. Amma lissafin yana canzawa ta hanyoyi biyu. Na farko, a nan kusan babu lokacin da rufi mai tauri ba shi da amfani: damina tana buƙatarsa, ƙurar hunturu tana buƙatarsa, zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 ma yana buƙatarsa domin na'urar sanyaya mota ta yi aiki. Saboda haka saukewar takan zama ta kwanaki ko makonni, amma a kai a kai, wanda ya sa sauƙin ɗagawa ya fi kyan ajiya muhimmanci.

Na biyu, silin ɗin gidajenmu, na filasta ne ko na roba ko na falange, yana rataye ne a kan siraran katakai da ba za su ɗauki komai ba, kuma gara takan ci su ta ciki ba a sani ba. Kada a rataya rufi a jikinsu, kada kuma a rataya shi a raftocin rumfar kwano da iskar farkon damina take iya yayewa. Inda akwai dakin, wato rufin ɗaki na kankare, notukan da ke buɗewa a cikin kankare za su riƙe. Inda babu, mai walda zai haɗa firam mai ƙafa huɗu da bututun ƙarfe mai kauri, wanda mota za ta shiga ƙarƙashinsa, a rataya masa sarƙar ɗaga inji irin ta makanikai. Wannan sarƙar tana tafiya a hankali kuma tana riƙe nauyi da kanta, abubuwa biyun da ake nema ke nan, kuma ba ta jiran wutar lantarki. A kafa firam ɗin a inuwa, domin ranarmu tana busar da roba ta kuma kashe fenti cikin ɗan lokaci.

Wace hanya ga wane mutum

Mai gidan kansa, mai gareji da silin mai ƙarfi da isasshen tsayi, wanda yake da Wrangler ko Bronco mai ƙofa huɗu, ya sayi winci mai birki. Shi ne ya fi daidaita tsakanin kuɗi da aminci, kuma yana barin hannun mutum ya ji abin da ke faruwa. Idan motar mai ƙofa biyu ce, igiya da kura sun isa. Wanda jikinsa ba ya son murɗa ƙarfe ya ɗauki na lantarki, ya ninka wayar, ya kuma saba da ƙirga notukan da ya kwance kafin ya taɓa maɓalli.

Ɗan haya da yake da ɗan'uwa ko maƙwabcin da zai kama masa sau biyu a shekara, amalanke ya ishe shi. Idan ba shi da kowa, ko yana sauke rufin sau da yawa a bazara ɗaya, injin tsaye ne nasa, matuƙar daɓensa shimfiɗaɗɗe ne. Mai MX-5 ko SL ya tsaya a kan amalanke na tsaye da mayafi, a cikin ɗaki mai kulle. Mai faffaɗan gareji da ba ya son kashe kuɗi ya shimfiɗa katako da bargo, ya hana a ɗora kaya a kai. Mai mota a Najeriya ko Nijar ya nemi mai walda ya yi masa firam.

Kowace aka zaɓa, a wanke rufin a bar shi ya bushe sarai kafin ajiya, a shafa wa robobi man silikon ba man inji ko basilin ba domin waɗannan suna kumbura roba, a sa faifan gaba a jakarsu robarsu ba ta danne ba, a toshe bakin tiyon ruwa da ya rage a motar, sannan a zuba notukan a ramukan da aka tanadar musu a bayan motar ko a jaka ɗaya da za a ɗaure a jikin rufin.